Ranar da Karatun Hussaina Ya Tsaya

Duk wanda ya san makarantar Madam Uche, wadda ke bayan kwatar mahauta a unguwar Abatuwa, ya san Hussaina Labaran, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. 'Yar aji shida ce, siririya, shekarunta goma sha ɗaya, amma in ta riƙe takardar Turanci ta buɗe baki sai ka rantse rediyo aka kunna. Ba ta in'ina, ba ta komawa baya, ba ta haɗiye ƙarshen kalma. Bara ita ta ci kyautar karatu, kuma Anti Mujidat ce da hannunta ta miƙa mata, tana tafa mata har tafin hannunta ya yi ja. Daga baya babu abin da ya fi ci wa Mujidat rai irin wannan tafin.

Mujidat Adigun Bayarabiya ce haifaffiyar Jos. Kakanta ya zo ne tun zamanin haƙar kuza, ya kafa keken ɗinki, bai sake komawa gida ba. Hausa ta fi zama a bakinta fiye da Yarabanci, har in ta je garinsu biki 'yan uwa su riƙa tsokanarta da 'yar Hausawa. Shekararta tara tana koyarwa, yara na kiranta Anti. Tana da kirki, amma bakinta yakan riga tunaninta fita, ita ma ta san haka.

A farkon zango na biyu aka ba ta aji shida, don ta shirya yara jarrabawar shiga sakandare da za a yi a watan Yuni. Ran nan ta ba su wani labari a littafin Turanci, na wata mata da gobara ta cinye ɗakinta da kajinta da komai, ta zauna a kan toka tana kuka. Kamar kullum, Hussaina aka tayar. Ta karanta shi tiryan-tiryan, fuskarta a sake, har da ɗan murmushi a daidai inda matar ke kuka. Aji ya tafa.

Murmushin nan ne ya tsaya wa Mujidat a rai. Ta tambaye ta da Turanci me ya sami matar. Hussaina ta mayar da ido kan littafin, ta nemo layin da ke da kalmar mata, ta sake karanto shi gaba ɗaya. Aka tambaye ta me ya sa matar ke kuka, ta sake karanto wani layin. Daɗin murya dai ba a magana, sai dai amsar ba ta ko kama hanyar tambayar ba.

Da aka fita tara, Mujidat ta riƙe ta a aji. Ta leƙa taga, ta rage murya, sannan ta yi abin da dokar makarantar ta hana, ta yi mata magana da Hausa. Don a makarantar Madam Uche duk yaron da aka ji yana banakula, wato Hausa ko Birom ko Ibo ko Yarabanci, kwali ake rataya masa a wuya ya yini da shi.

"Hussaina, ajiye littafin. Ba ni labarin matar nan kamar kina ba Innarki."

Yarinyar ta dubi ƙasa, ta dubi allo, ta murɗa bakin hijabinta.

"Anti, ba daidai na karanta ba?"

"Daidai kika karanta. Me ya faru da matar?"

"Ai na karanta, Anti," in ji ta.

Nan Mujidat ta gane inda matsalar take. Shekara shida ana tura yarinyar nan gaba ana tafa mata, ta koyi yadda kowace kalma ke fita daga baki, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ta abin da kalmar ke ɗauke da shi. A jarrabawar aji takan tsira da hadda, da kwafo layin da ya yi kama da tambaya. Amma a ta watan Yuni labarin da ba ta taɓa gani ba za a ajiye mata, a ce ta yi shiru ta karanta a zuci ta amsa, kuma babu maki ko ɗaya na daɗin murya. In ta faɗi, Mujidat ta san inda za ta ƙare, don ta ga yayyen yarinyar mata biyu suna wanke kayan ciki a bakin famfon kwata.

Ran Asabar ta je sayen nama da gangan a teburin Malam Labaran, mahaifin Hussaina. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai fara'a, hannunsa duk tabon wuƙa. Ta tarar da abin da ta sha jin labarinsa. Tsoffin jaridun da ake naɗe nama da su suna jibge a gefen tebur, Hussaina na tsaye a kan benci ta ɗauki ɗaya tana zubo Turanci, mahauta huɗu ko biyar sun ajiye wuƙaƙe sun saki baki. Babu wanda ya san abin da ake faɗa a cikinsu, har mai faɗar.

"Malama, kin ji aikinku ko?" in ji Labaran, yana ƙara mata tsoka a kan wadda ta saya. "Ni ko sunana ban iya rubutawa ba, amma dubi abin da Allah ya ba ni. Wannan ba za ta taɓa tumbi ba, in sha Allahu."

Ta zo ne da niyyar ta gaya masa gaskiya. Da ta dubi fuskarsa sai ta kasa, ta ce Allah ya yi wa yarinya albarka, ta karɓi namanta ta tafi.

Daga ranar Litinin suka fara. Kullum in an fita tara, Mujidat ta turo ƙofar aji, su zauna a bencin baya su biyu. Ta ɗora rula a kan shafi ta rufe komai sai layi ɗaya. Hussaina ta karanta layin, a rufe littafi, ta faɗi da Hausa abin da ta gani a ciki. In ba ta ga komai ba, a ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya, a zana, a kwaikwaya, Mujidat ta zama tsohuwa mai sanda ko akuya mai ɗingishi, duk don ma'ana ta shiga. Abin da ya fi wuya shi ne hana bakin gudu. Da yarinyar ta ga baƙi sai ta kwasa, sai Mujidat ta dafa mata hannu ta ce, "Ina za ki? Wa ya biyo ki?"

Da ta ga labaran littafi sun yi wa yarinyar nisa, sai ta fara rubuta nata a bayan tsohuwar kalanda, gajeru, da Turanci mai sauƙi, duk a kan abin da Hussaina ta sani: yadda ake shigo da shanu da asuba, yadda ake fiɗa, yadda mata masu abinci ke rububin ƙashi. A cikin kowane labari kuma sai ta dasa ƙarya guda ɗaya, ƙatuwa, wadda ko yaron goye zai gane. Ta rubuta cewa saniya ta hau acaɓa ta zo kwata. Ta rubuta cewa mahauci ya wanke teburinsa da man ja. Hussaina ta bi ta kan saniyar da acaɓan ta wuce abinta ko gezau. Haka aka yi mako biyar, har Mujidat ta fara kwana da tunanin ko ta makara.

Wata Laraba a cikin watan Maris, Hussaina na cikin karatu sai ta tsaya. Ta koma farkon layin. Ta ɗaure fuska, ta sake bi da yatsa.

"Anti... da cokali?"

"Me ya sami cokali?"

"An ce Baba ya yanka bijimi da cokali!" Sai dariya ta ƙwace mata, ta kwanta a kan benci tana riƙe ciki. "Da cokali fa, Anti! Ai sai a kwana ba a gama ba!"

Mujidat ta yi dariya tare da ita, sannan ta juya ta shiga goge allon da babu komai a kansa, don kada yarinyar ta ga idonta.

Daga nan abu ya fara tafiya, a hankali dai. Hussaina ta koma farautar ƙarya a kowane shafi, kuma mai farauta ba ya gudu. Karatunta ya ragu ƙwarai. Takan tsaya a tsakiyar layi, ta koma baya, leɓenta na motsi, wani lokaci ta ɗago ta yi tambaya. A wurin Mujidat wannan tsayawar ita ce alamar lafiya, amma ba ta tuna cewa akwai masu saurare a kwata ba.

Bayan hutun Ista, ruwan farko ya sauka, aka dawo zango na uku. Ran Talatar mako na biyu aka aiko Madam na kiran Mujidat. Tana shiga ofis ta ga Labaran zaune, ya sa wankakkiyar riga, babu fara'ar nan ko kaɗan. Hussaina na tsaye a jikin bango.

Labaran bai jira an ba shi dama ba. Ya ce yarinyarsa ta lalace. Da in ta ɗauki jarida sai ta kai ƙarshe ba ta numfasa ba, yanzu sai ta riƙa tsayawa tana ƙifta ido kamar 'yar aji ɗaya. Ran Asabar ya yi baƙo, wani dillalin shanu da ya daɗe yana yi wa alfahari da ita, ya sa ta hau benci, ta yi layi uku ta tsaya, ta ce ba za ta ci gaba ba, wai labarin mutanen da suka mutu a hatsarin mota ne. Mahauta suka yi ta dariya, wani ya ce batir ya ƙare. Da ya matsa mata a gida, ta ce Anti ce ta ce ta daina gudu, kuma da Hausa suke yi.

"Da Hausa, Malama!" in ji shi. "Hausa ai a gida ta same ta, ni ma na iya. Turanci na kawo ta ta koya. Ko don 'yar mahauci ce aka ga Hausa ta dace da ita?"

Madam Uche ba muguwa ba ce, matsoraciya ce. Da hannunta ta gina makarantar daga ɗaki biyu, kuma abu ɗaya take sayar wa iyaye, cewa a nan Turanci zalla ake yi. Rabin yaranta 'ya'yan mahauta ne, in Labaran ya cire tasa sauran za su bi. Ta juya gare shi da Hausarta ta kasuwa, ita da ke rataya wa yara kwali saboda Hausa.

"Oga Labaran, ka yi haƙuri. Ni ban sani ba sam. Wannan makaranta, Turanci ne muna yi. Yarinyanka zai dawo daidai, ka bari mini."

Ta zaro littafi ta miƙa wa Hussaina ta ce ta karanta. Yarinyar ta fara, a hankali, yatsa a kan layi, tsoro ya ƙara mata nauyin baki. Ta tsaya sau biyu a sakin layi ɗaya. Labaran ya buɗe hannuwa, ya dubi Madam, ya dubi Mujidat.

"Madam, ki tambaye ta abin da ta karanta," in ji Mujidat. "Ki bar ta ta faɗa da Hausa, gaban mahaifinta, ya ji da kunnensa."

"Banakula a ofis nawa? Bayan abin da kin riga kin yi?" in ji Madam.

Da Mujidat ta yi shiru a nan, ta bari zuciya ta kwanta, ta bi mutumin gida da yamma ta yi masa bayani a tsanake, wataƙila da labarin ya canza. Amma bakin nan nata ya riga ta.

"Malam Labaran, duk karatun da take yi muku a kwata, ko kalma ɗaya ba ta san ma'anarta ba. Aku ce kawai kuke tafa wa. Ku ba ku sani ba, ita ma ba ta sani ba."

Mujidat ta ga maganar ta sauka a fuskar mutumin, ta ga ta sauka a ta yarinyar da ke jikin bango, wadda ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Gaskiya ta faɗa, amma ta faɗe ta a gaban mace, a gaban 'yarsa, ga mutumin da bai mallaki abin alfahari a duniya ba sai wannan karatun. Labaran ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Madam, ko ita ko 'yata," ya ce, ya fita.

Ran Laraba aka fita tara, Mujidat ta zauna a bencin baya da rula da kalandarta. Hussaina ba ta zo ba. Ta hango ta ta taga, tana zaune ita kaɗai a gindin mangwaro, ta juya wa ajin baya. Ran Alhamis ma haka. Da aka tashi, Madam ta kira Mujidat, ta ce iyaye uku sun riga sun zo da maganar, ba ta da yadda za ta yi, gobe Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Ba ta iya kallon idonta ba sa'ad da take faɗa. Mujidat ta roƙa a bar ta ko mako bakwai ɗin da suka rage kafin jarrabawa, ko ba a aji ba, ko a baranda. Madam ta girgiza kai, ta ce ta riga ta yi wa Oga Labaran alkawari.

Aikin bai dame ta sosai ba, makarantu sun yi yawa a Jos. Abin da ya dame ta shi ne mako bakwai. Yarinyar ta fara gane gajeren labari, amma dogo yana kayar da ita, kuma malamin da zai maye gurbinta ranar Litinin abu ɗaya za a ce masa, ya dawo da gudun nan. Ga kuma kalmar da ta jefa, wadda ba ta sami damar janyewa ba.

A makarantar, kowace Juma'a da safe Madam kan buga sanarwar mako a takarda ɗaya, a ba wani yaro ya hau dakali ya karanta wa taro. Wannan Juma'ar ta aika aka gayyato Labaran, don ya ga an fara gyara. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da rigar aikinsa. An yi ruwa da asuba, filin duk laka, yara sun yi layi suna rawar sanyi cikin rigunan sanyinsu. Mujidat na tsaye a bayan layin aji shida ta ji Madam na gaya wa Hussaina, "Kamar da. Kar ki tsaya, kar ki yi tunani, ki tafi kawai."

Hussaina ta hau dakali, ba ta dubi kowa ba. Ta fara, kuma muryar nan ta da ta dawo, garau, tana tafiya ba tangarɗa. Taron iyaye da malamai ranar Asabar. Duk wanda bai yanke farce ba za a kore shi gida. Aji biyar ne da sharar fili mako mai zuwa. A bakin ƙofa Labaran ya fara gyaɗa kai, fuskarsa na sakewa. Mujidat ta kawar da kai. Ashe abin da aka gina a wata uku, kwana uku sun isa su rushe shi.

Sanarwa ta ƙarshe tana ƙasan takardar. Madam ba ta yi tunanin komai ba da ta sa ta a wurin, don shekara da shekaru yara na karanta mata sanarwa, ba wanda fuskarsa ta taɓa canzawa. Hussaina ta shiga layin da gudunta, ta ambaci sunan Anti Mujidat Adigun, ta wuce kalma uku ko huɗu, sai muryar ta fara ja da baya. Ta tsaya. Ta ɗora yatsa a farkon layin ta sake bi, ba sauti, leɓenta kawai ke motsi. 

"Ci gaba!" in ji Madam da Turanci.

Ba ta ci gaba ba. Ta ɗago kai tana neman wani a bayan layi, har idonta ya sauka a kan Mujidat. Sannan a gaban yara ɗari biyu, a gaban Madam, ta yi magana da Hausa, da ƙaramar murya wadda ba ta yi kama da ta rediyo ba ko kaɗan.

"Anti, an ce daga yau kin bar makarantar nan. An ce wani zai zo ran Litinin." Hawaye na bin kuncinta. "Haka aka rubuta, ko ni ce ban gane ba?"

A bakin ƙofa Labaran ya daina gyaɗa kai, ya tsaya yana kallon 'yarsa, don wannan karon shi ma ya ji abin da takardar ta ce.

Wata uku Mujidat na jiran ranar da za ta faɗa wa yarinyar nan cewa ta gane, ta sha raya yadda za ta faɗe ta da murna. 

"Kin gane, Hussaina," ta ce. "Daidai kika gane."